Guguwar da Ta Kwashe Launin Tsaunin Kaba

To, ku matso ku gyara zama, ga wata nan ta iso, kuma doguwar tafiya ce.

A can wani zamani an yi wani gari ana ce masa Tsaunin Kaba. Ba shi da girma, ba shi da wata dukiya ta a zo a gani, amma in ka hango shi daga nesa sai ka tsaya ka riƙe baki. Unguwar marina bangayenta shuɗi-shuɗi ne, unguwar maƙera makuba ce ja mai duhu, masallaci fari tas, kowane zaure da irin zanen da ke bakinsa. Yawancin aikin nan hannun mace ɗaya ne, Lantana mai shafe, wata doguwar mata mai faɗin tafin hannu, wadda tun tana budurwa farcenta bai rabu da farar ƙasa ba.

Lantana tana zaune da tsohuwarta, Iya Tabawa. Tsufa ya ci Iya har ya soma taɓa mata tunani. Sunayen jikoki sun zube mata, lungunan gari sun rikice mata, amma ƙafar nan ba ta san zama ba, kullum sai ta ɗauki sanda ta fita gaishe-gaishe. Saboda haka Lantana ta haɗa wani ja na musamman da jar ƙasa da ruwan makuba, ta shafe bakin zaurensu da shi. Duk garin babu irinsa. Ko ina yawo ya kai Iya, da ta hango jan nan sai ta ce, "Yauwa, ga gida," ta nufo shi.

Ran nan da tsakar rana, Lantana tana bayan gari tana haƙar farar ƙasa, sai wata guguwa ta shigo Tsaunin Kaba. Ba ta ɗaga rufin kowa ba, ko tsinke ba ta ɗauka ba. Lungu-lungu ta riƙa bi tana lasar bango, duk bangon da ta lasa sai launinsa ya tuɓe kamar riga ya shige cikinta. Kafin a gama salati ta fice, ta bar garin ruwan toka tun daga masallaci har akurkin kaji.

Lantana ta dawo da ƙwarya a ka, ta rasa gane lungunsu. Sai ga maƙwabciyarta Kande a guje, ɗankwali a hannu.

"Lantana, Iyarki ta bi guguwa!"

"Ta bi me?"

"Guguwa! Ta hangi jan zaurenku yana juyi a cikinta, ta ce, 'Kai, ina za ka da gidana?' Ta ɗau sanda ta bi. Wallahi mun bi ta da gudu, muna isa gindin kukar nan ta yamma muka neme ta muka rasa."

Lantana ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗura ruwa a gora, ta ƙulle dunƙulen fura, ta ɗora tsummanta da madaɓinta a kan farar ƙasar da ta haƙo, ta yafa baƙin zanenta na rini, ta fita. Ashe guguwar ta cika cikinta fiye da ƙima, tana tafe tana ɗigar da launi a ƙasa, nan shuɗi, can ɗorawa. Ɗigon ya kai ta har kogon kuka. Ta yi bisimilla ta sa kai.

Tana fita ta ɗaya gefen sai ga ta a wani fili fari fat, ƙasa fara, sama fara, babu itace babu inuwa. Hasken ya soki idonta, hawaye suka zubo, ɗigon da take bi ya ɓace mata. Ta yi gabas ta ga fari, ta yi yamma ta ga fari. Sai ta jawo baƙin zanen nan ta rufe fuska, ta riƙa leƙe ta tsakanin saƙar. Idon ya huce, ɗigon ya fito, ta bi shi har ta fita.

Daga nan ta faɗa ƙasar baƙin dutse, baƙi wuluk, ya sha rana ya ƙoshi. Takunta na farko takalmin fata ya soma hayaƙi. Ta ja da baya, ta dama farar ƙasa da ruwan gora, ta miƙa hannu ta shafa a kan dutse daidai faɗin ƙafa, ta jira ya bushe, ta taka, ta ji da dama. Haka ta yi ta yi, shafa, jira, taka, har ƙwaryar ta yi rabi, dutsen ya ƙare.

Sai ga ganuwar wani birni, tsayinta ya kai inda shaho ke shawagi. Ganuwar nan ba ta tsaya da launi ɗaya ba. Yanzu kore ce shar, kana ƙifta ido ta koma ja, kana sake ƙiftawa ta zama ruwan hoda da ɗigo-ɗigon shuɗi. A bakin ƙofa kuwa wata hawainiya ce kwance, girmanta ya kai rumbu uku, ta tare hanya, tana nishi, jikinta na ta sauya launi yana bin na ganuwa.

Lantana ta yi sallama. Hawainiya ta juyo da ido ɗaya ta ce, "Amin, wa alaikis salam, ya ke 'yar Adam. Ni ce mai tsaron ƙofar Birnin Walwali, kuma umarnin da aka ba ni shi ne in haɗiye duk baƙon da ya zo ba da kira ba. Ki yi mini uzuri in huta kaɗan, sa'an nan in haɗiye ki."

"Ranki ya daɗe, ai ke ce abin tausayi. Me ya same ki haka?"

"Halittata ce in bi launin abin da idona ya gani. Tun da sarkinmu ya kamu da son launi, ganuwar nan ba ta bar fatata ta huta ba. Duk gaɓoɓina ciwo suke."

Lantana ta kwance zanenta, ta hau ta wuyan dabbar, ta lulluɓe mata idanu biyun. Nan take jikin hawainiya ya tsaya a baƙin shuɗi, ta ja wata doguwar ajiyar zuciya har ƙasa ta motsa.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, yau idona a rufe yake, ban ga wani baƙo ya wuce ba. Tsohuwa mai sanda ta shiga gabanki. Amma ki sani, mutanen da za ki gani zane a bangon fada, da can masu rai ne irinki."

Lantana ta shiga. Kai, abin ba a cewa komai! Launukan garuruwa ne aka sato aka jibga, kowane bango ya sha kala-kala har ba a gane ƙofa daga taga, kuma duk suna ta tsalle daga wannan gida zuwa wancan. Ko'ina faɗa ake, wannan yana cewa gidansa ne, wancan yana cewa ƙarya ne. Ga tsofaffin aljanu zaune a bakin hanya sun yi tagumi, ga 'yan ƙanana suna ta kuka.

Can ta hango Iya Tabawa tana ɗingishi. Jan zaurensu yana manne a wani bango, Iya na dab da taɓa shi sai ya yi tsalle ya koma ƙarshen lungu, ita kuma ta juya ta bi. Ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya bushe. Lantana ta ruga ta rungume ta.

"Iya! Iya, ni ce Auta!"

"Sake ni, baiwar Allah, gida za ni. Ga shi can."

"To ki zauna ki sha fura tukuna."

"Ni? In sha fura a kan hanya kamar marar gida? Sai na isa."

Ta fizge ta ci gaba. Lantana ta dubi yadda sandar ke rawa a hannunta, ta san in jan nan bai tsaya wuri ɗaya ba, tsohuwar za ta bi shi har ta faɗi, faɗuwar da babu tashi.

Ba ta gama wannan tunani ba dogarai suka yi sama da ita, suka dire ta gaban Sarki Zagwandu, sarkin aljanun birnin. Ƙato ne, gemunsa har gwiwa, ya ɗaure kansa tamau da tsumma a ƙarƙashin rawani saboda ciwon kai. A bangon bayansa ga zanen mutane birjik, wani da tsani, wani da ƙwarya, duk sun buɗe baki.

Lantana ta durƙusa ta yi gaisuwa. Sarki ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wa ya kira ki ƙasar da ba taki ba?"

"Allah ya ja zamanin sarki, ba a kira ni ba. Uwata na biyo, ita kuma jan ƙofarta ta biyo, shi kuma guguwarku ce ta sato shi."

Wani siririn aljani mai rawar jiki ya yi tsalle ya ce, "Sata? Aro muka yi!" Wannan shi ne Ƙiftau, sarkin maginan birnin, wanda kan gina unguwa guda kafin a ƙifta ido.

Sarki ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Wace sana'a gare ki?"

"Shafe, ranka ya daɗe. Jan nan ni na haɗa shi."

Sarki ya gyara zama. "To saurara. Na so birnina ya fi kowane birni kyau, na sa aka tara mini launin duniya. Ga abin da na samu: talakawana ba sa gane gidajensu, kaina kamar ana daka a ciki, mahaifiyata ma ta fita unguwa tuntuni ba ta dawo ba. Waɗannan da ke bango duk sun ce za su gyara, suka kasa. In kin gyara, har kasuwa ta watse kowa ya shiga gidansa ba gardama, ki ɗauki uwarki ku tafi. In kin kasa, akwai sauran fili a bango, ya ishe ku ku biyu."

Lantana ta ce, "Na yarda. Amma kafin komai a tsayar da launukan nan, a sauke su duka a tara a fili. Jan uwata kuma a manna shi a ɗan zauren can na kusa da fada, kada wanda ya taɓa shi."

Ƙiftau ya tafa hannu, aka yi yadda ta ce. Birni ya koma launin ƙasarsa, launuka suka taru a dandali tsibi-tsibi kamar kayan koli. Ba a jima ba sai ga Iya Tabawa ta ɓullo, ta dafa jan bangon nan ta ce, "Yauwa." Ta zauna, Lantana ta dama mata fura ta shanye tas, ta miƙe ƙafa, barci ya ɗauke ta.

Lantana ta ɗaura ɗamara. Ta ɗebi shuɗi kaɗan ta dama, ta shafa a gefen wani bango daidai faɗin faifai, ta koma inuwa ta zauna.

Ƙiftau ya ce, "Ya yi kyau! A shafe unguwar duka!"

"A'a, Sarkin Magina. Sai ya bushe."

"Me za a jira? Ga shi muna gani."

"Abin da kake gani ruwa ne. Ɗanyen launi maƙaryaci ne, sai ya bushe yake faɗin gaskiya. In ya bushe kuma sai an dube shi da hantsi, a dube shi rana tsaka, a dube shi da la'asar, don kowace rana da fuskar da yake nuna mata."

Ƙiftau ya dafe kai. Ashe ciwonsu ke nan. Su aljanu ba su taɓa jiran komai ba tun da aka halicce su. Sai su shafa launi ɗanye su ga ya yi kyau, ya bushe ya canza, su fusata su sauya wani, shi ma haka. Ƙiftau ya ce, "In bushewa ce, ai ba wuya," ya cika kumatu ya hura wa bangon iska mai zafi. Shafen ya tsattsage ya zubo.

Lantana ta ce, "Sannu da aiki. Sai mu sake."

Ta sake shafawa. Aljanu suka kewaye bango suna ƙaiƙayi, wani ya miƙa yatsa ta buge hannun, wani ya soma juyewa guguwa don haushi. Ta ga in ba ta samo musu abin yi ba za su ɓata mata aiki. Sai ta jawo madaɓinta, ɗan katakon nan da mata ke buga ƙasan ɗaki da shi har ya kwanta sumul, ta ce a sassaƙo irinsa da yawa. Ta sa aka zuba tsakuwa a dandali aka yayyafa ruwa, ta jera su sahu-sahu a durƙushe, ta buga, ta ɗaga murya:

"Daɓe, daɓe, ƙasa ki kwanta,
Mai sauri ya je ya dawo,
Bango na shan iskarsa."

Wayyo, ashe aljanu da son kiɗa! Suka amsa, madaɓai suka sauka tare, tim, tim, tim, har Sarki ya leƙo ta taga yana gyaɗa kai. Suna daɓe launi na bushewa, ba wanda ya tuna da shi. Da haka ta gwada launukan ɗaya bayan ɗaya, ta zaɓi na zaɓa. Ta bi birnin lungu-lungu, kowace unguwa ta ba bangayenta launi guda mai taushi, kowace ƙofa ta yi mata nata zanen. Da ta gama, ita kanta ta san ba ta taɓa aiki mai kyan wannan ba.

Ranar kasuwa ta zo. Sarki ya fito ƙofar fada, aka tsayar da Lantana a jikin bangon zane. La'asar ta yi, kasuwa ta watse. Sai sama ta cika da guguwoyi, ɗaruruwa, suka yi ta shawagi a kan birni, sa'an nan suka riƙa faɗowa tsakar gidaje. Nan take ihu ya tashi.

"Fita mini daga gida!"

"Gidan ubanka ne? Nan na bar tukunyata!"

"Wa ya faɗo mini a kan akuya?"

Sarki Zagwandu ya juyo, idanunsa kamar garwashi. "Ya ke 'yar Adam, kin ji da kunnenki."

Bango ya kama bayan Lantana. Ta ji sanyi ya ratsa ta, ƙafafunta suka shafe suka zama zane, abin ya hau gwiwa, ya kai ƙugu. Dogarai biyu suka nufi ɗan zauren da Iya ke barci. Lantana ta dubi kyawawan ƙofofin nan nata, ko ɗaya ba a buɗe ba, tsofaffin bakin hanya ma faɗan ya hana su matsowa. Ta ɗaga kai ta dubi sama inda sauran guguwoyi ke ta neman wurin sauka. Sai abin ya faɗo mata.

Ta yi ƙara, "Ranka ya daɗe, kuskurena ne, kuma na gan shi! Na yi wa masu tafiya da ƙafa aiki, alhali mutanenka ta sama suke komawa gida. Ban taɓa ganin birnin nan ta inda kuke ganinsa ba. A kai ni sama in gani!"

Sarki ya ɗaga hannu, bango ya dakata a daidai ƙirjinta. Ya ce, "Duk waɗanda ke bangon nan, da suka kasa, cewa suka yi idanunmu ne ba su da kyau. Ba wanda ya roƙi ya ga abin da muke gani. Kin san ɗan Adam in ya hau can, sau da yawa zuciyarsa kan tsaya?"

"In ta tsaya, ranka ya daɗe, ka huta da neman fili a bango."

Sarki ya yi wata dariya har tsumman kansa ya kwance. Bango ya sake ta. Ƙiftau ya juye guguwa ya sure ta.

Kada Allah ya nuna muku irin wannan hawa! Kunnuwanta suka toshe, ta runtse ido tana ta salati. Ƙiftau ya ce, "Gwanar shafe, in za ki duba ki duba, ba a tsayuwa a nan." Ta buɗe ido da ƙyar. Ga birni a ƙarƙashinta kamar an kife ƙore a tsakar gida, rufin soraye duk iri ɗaya, launin ƙasa, ko ɗigon aikinta ba a gani. Ita kanta ba ta iya nuna fada ba. Amma ta ga abin da ba a gani daga ƙasa: kogi ya rungumi gabas, kurmi ya tokare kudu, yamma tsandauri ne rana na dukansa, kasuwa na tsakiya, hanyoyi sun fita daga cikinta kamar yatsun hannu.

Ta ce, "Ƙara zagayawa da ni." Ya zagaya. Ta ce, "Ƙara." Har sai da Ƙiftau da kansa ya ce jiri yake ji.

Da suka sauka ba ta taɓa ƙwarya ba tukuna. Unguwa-unguwa ta bi tana zama da masu gida tana tambaya: in kun taso daga nesa, me kuke fara nema da ido? Na gabas suka ce kogi, ta ba rufinsu shuɗi mai sanyi. Na kudu suka ce kurmi, ta ba su kore mai duhu. Na yamma suka ce su dai zafi ya ishe su, ɗakunansu kamar tanderu, ta tuna ƙasar baƙin dutse, ta shafe rufinsu da fari, amma ta karya farin da ɗan ruwan ƙasa don kada ya soki idon mai saukowa. Na arewa suka yi ta gardama tsakaninsu, ta bar su sai da suka daidaita a kan ruwan goro. Rumfunan kasuwa suka sami ɗorawa. Zankwayen kowane gida, 'yan ƙahonin nan na kusurwar soro, ta ce mai gida ya zaɓi nasa launin da kansa. Ja mai ƙuna kuwa, wanda kowa ke so, ta hana kowa, ta sa shi a kan tulluwar fada kaɗai, yadda daga ko'ina ka taso shi za ka fara gani ka san inda kake.

Sarki ya zo duba aiki, ya ga dogayen bangaye da yawa ta bar su da launin ƙasarsu. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ga launi tsibi a dandali, don me kika bar waɗannan tsirara?"

"Allah ya ba ka nasara, ido ma yana gajiya, yana son inda zai zauna ya huta. Yaya kan naka?"

Sarki ya taɓa goshi, ya ce, "Ya daina."

Ƙiftau ya ce, "To ƙofofin nan da kika ɓata lokaci a kansu, in goge?"

"Kul! Tsofaffin nan da ke zaune a bakin hanya, me ya hana su tashi sama?"

"Iskarsu ta ƙare. Ƙananan kuma tasu ba ta zo ba."

"To su da ƙafa suke tafiya, kamar uwata. Sama ta masu tashi, ƙofa ta masu takawa. Gari ai na kowa ne."

Aka yi ta daɓe ana jiran rufi ya bushe, har lungunan birnin duka suka kwanta sumul. Kasuwa ta sake ci, ta watse. Lantana da kanta ta je ta jingina da bangon zane, ta harɗe hannu. Guguwoyi suka taso, suka yi juyi ɗaya a kan jar tulluwa, sai suka rabu kamar an tsaga su da wuƙa, waɗannan gabas, waɗannan kudu, kowace ta sauka tsakar gidanta. Aka kasa kunne. Babu ihu, babu zagi, sai ƙarar taɓarya da kukan awaki.

Sai kuma ga tsofaffi sun miƙe daga bakin hanya, suna bin launin bango, suna dudduba zanen ƙofofi, ƙanana na riƙe da hannunsu. Wata tsohuwar aljana mai doron baya ta doso ƙofar fada, ta ɗaga sanda ta nuna Sarki ta ce, "Kai Zagwandu, wane shashashan ne ya yi ta ɓoye mini gida?"

Sarkin aljanu guda ya faɗi a gaban uwarsa yana kuka kamar yaro. Birni ya ɗauki guɗa, aka buga madaɓai a ƙasa a maimakon tambura, aka ɗaga Lantana sama ana juyi da ita har ta ce don Allah a sauke ta, ta gaji da sama.

Sarki ya ce, "Ya ke gwanar gwanaye, uwarki taki ce. Roƙi wani abin kuma."

"Ranka ya daɗe, ko rabin rabin launin da kuka tara ban taɓa ba. A mayar wa kowane gari nasa. Bayin Allahn nan na bango kuma a sake su, suna da iyali."

Sarki ya buga ƙafa, mutane suka zubo daga bango suna tari suna miƙa. Ƙiftau ya ɓare jan Iya a hankali, ya naɗe shi kamar tabarma ya saɓa a kafaɗa, ya ce wannan shi zai kai da hannunsa, kuma ba zai tafi ba sai ya ga ya zauna daram. Lantana ta tashi tsohuwarta. Iya ta buɗe ido, ta sha barci ta ƙoshi, ta dube ta ta ce, "Auta, ina kika shiga tun ɗazu? Dubi kanki ba ɗankwali."

Lantana ta goya ta a baya tana dariya tana hawaye.

Da hantsi mutanen Tsaunin Kaba suka ga guguwa ta doso gari, kowa ya ruga ɗaki. Ta bi lungu-lungu, tana wucewa launi na komawa bango, shuɗin marina, makubar maƙera, farin masallaci, har da jan zauren Iya. Ta tsaya a tsakiyar gari, ta dire Lantana da Iya a hankali kamar ƙwai. Gari ya fashe da guɗa, maroƙa suka fito da kalangu, mata suka yanyame su, Kande na gaba tana kuka tana taɓa Iya ko'ina.

"Iya! Iya Tabawa! Ina kika shiga kika tayar mana da hankali?"

Iya ta gyara mayafi, ta dube su ɗaya bayan ɗaya kamar su ne suka rikice. Ta ce, "Ina kuwa zan shiga? Maƙwabta ne suka yi sabon gida, na je yi musu barka. Mutanen kirki, sai dai ba su iya zama wuri ɗaya ba. Ke Kande, maimakon ki tsaya kina shafa ni kamar sabon zane, ba ki da ɗan goro ne?"

Nan na sauke muku ita, ƙurunƙus. Wanda bai ƙoshi ba, gobe in ya fita ya ɗaga kai ya dubi bangon unguwarsu da kyau.